Yaro mai baki kamar babba amma ya kasa karatu: in biya kuɗin kwas ɗin nan?

Malamar Aji Uku: Assalamu alaikum malamai. Ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Ɗorayi, yara 46 ne a ajina. Akwai wani ɗan shekara tara da ya hana ni barci. In na karanta musu labari na yi tambaya, shi ne farkon ɗaga hannu, a islamiyya ma ya haddace izu biyu. Amma in na rubuta kalma a allo, sai ya ɗora yatsa a kan harafin ya yi ta zufa. Ranar Litinin ya rubuta "daba" a maimakon "baba", 'yan aji suka fashe da dariya, tun ranar ya koma bencin baya. An tallata min kwas na kwana biyar kan gano yara masu matsalar koyo, naira 40,000, kusan albashina ke nan na wata. In biya, ko in daure in tara in nemi gurbi a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero (BUK)? Wanda ya taɓa yi nake so ya ba ni labari.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. A nema masa mai lesin, wata uku zai warware.

Malamar Aji Uku: Malam, shekararsa biyu yana lesin.

Na Kurna: Baba ya koma daba? Yaron nan ya san garin da yake zaune.

Uwar Biyu: Ni abin nan bai ba ni dariya ba. Ɗana na fari haka ya yi. Makaranta uku muka sauya masa. An ba shi rubutu ya sha, an yi masa ruƙiyya, babansa ya sayo dorina ya kai wa malami da hannunsa. A aji huɗu wani malami ya tsayar da shi a gaba, ya sa yara suna tafi suna cewa daƙiƙi. Ban sani ba sai da na ga ya fara fitsarin kwance, yaron da ya daina tun yana shekara uku. Da safe ya ce cikinsa na ciwo, in ce ƙarya yake. A ƙaramar sakandare ya ajiye jaka ya ce ko a kashe shi ba zai koma ba. Yau yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre, ya buɗe waya ya gaya maka abin da ya ƙone tun kafin ya sa mita, amma saƙo sai na murya yake turo min. Malamin nan ban yafe masa ba.

Anti Mai Nazare: Allah Ya huci zuciyarki Hajiya. Malama, 40,000 ta yi yawa. Ni 15,000 na biya bara, a wani ɗakin taro. Hotuna aka yi ta haska mana, aka ba mu shinkafa da satifiket, ko yaro ɗaya ba mu gwada ba.

Malam na Sharaɗa: Nawa 70,000 ne, ta waya, wata uku, kuma na amfana. Mai arha ai shi ne mai tsada.

Ɗan Fagge: Mu na gwamnati kyauta aka yi mana bitar Jolly Phonics, wato koyar da karatu ta hanyar sautin haruffa.

Tsohon Hedimasta: Shekara 35 na yi ina riƙe alli. Yaro ko ya iya ko bai iya ba. In abin ya gagara a kai shi Tudun Maliki.

'Yar Oyo: Baba, da girmanka, makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi ce, wannan yaron yana ji yana gani. Na yi NCE a kwalejin ilimi na musamman ta Oyo. Abin da Malama ta kwatanta ya yi kama da disleksiya, wato wahalar haɗa harafi da sautinsa, ba ƙarancin basira ba. Juya b da d kaɗai ba hujja ba ce, ƙananan yara da yawa suna yi su daina. Malama, a fara duba masa ido da kunne. Sannan ki zauna da shi shi kaɗai: ki faɗi "kifi" ki ce wane sauti ya fara ji, ki nuna masa ba, bi, bu ki ga inda yake tuntuɓe, ki rubuta kullum. Ki fara da Hausa, don yadda ake rubuta ta haka ake faɗa. Kwas ɗin kuwa, ki tambaye su ko za a kawo yaro ku gwada a gaban mai koyarwa. In babu, riƙe kuɗinki.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, aji nawa kika taɓa riƙewa?

'Yar Oyo: Shekara shida, Baba.

Uwar Biyu: Baba, masu shekara 35 ɗin ne suka karɓi dorinar daga hannun mijina. A bar yarinya ta yi magana.

Malam na Sharaɗa: "Ki zauna da shi shi kaɗai." Yaushe? Sauran 45 ɗin wa zai riƙe su? Ni ajina 80 ne, na baya ko fuskarsu ba na gani.

Anti Mai Nazare: Ka bar ma wannan. Ka sa wa yaro jan biro, mai makaranta ya kira ka ofis ya ce ka gyara maki, kada uban ya cire ɗansa. A haka ake tura su aji shida ba su iya rubuta sunansu ba.

Na Kurna: Ku da ake kira ofis ma kun ji daɗi. Mu wata biyu ke nan ba albashi, kuma hutun ƙarshen shekara ba a biya.

Malamar Aji Uku: Na gode duka. To BUK ɗin fa, akwai wanda ya yi karatun yana kan aiki? Ranar Alhamis za a rufe rajistar kwas ɗin.

Anti Mai Nazare: Malam Na Kurna, ku ma ana cire muku ɗari biyar in kun makara?