Yadda ake kwaikwayon ruwa a teburin wasan 'yan gumakan sojoji

A fadarmu ta shayi nan Maradi mun tattauna yadda za a ƙera gulbi ko tabki a kan teburin wasan yaƙi, wato inda ake jera 'yan gumakan sojoji ana kwaikwayon yaƙi da su, ga abin da na tsinto.

Kowa ya yarda zurfin ruwa daga fenti yake fitowa. A shafa kala mai duhu a tsakiya, a riƙa sassauta ta zuwa gaɓa. Wani dattijonmu ya ce mu daina zuba shuɗi kamar teku, mu dubi Gulbin Maradi da damina: ruwan kalar laka ne, ja-ja. Na ga gaskiyarsa.

Wajen abin da za a sa a kan fentin ya yi sheƙi kamar ruwa aka fi jayayya. Masu farin gam na kafinta sun ce yana da araha, kuma in ya bushe sai ya zama garai-garai, amma a shafa shi siriri-siriri, hawa 3 ko 4, kowane ya bushe tukuna. Ni na taɓa kwarara shi da kauri, kwana biyu cikinsa yana nan fari kamar nono. Masu rezin mai kwalba biyu kuwa, wato ruwan sinadari iri biyu da ake haɗawa ya daskare kamar gilashi, sun ce a auna su daidai, a toshe gefuna tsaf don yana zurarewa ta ɗan ƙaramin rami, kuma zafinmu yana sa shi daskarewa da wuri.

Yashin gaɓa a tankaɗe shi da rariya. Lokacin hazo kuma a kife kwano a kan aikin har ya bushe, don ƙura in ta manne ba ta fita.