Taƙaitawa: Abin da aka tattauna kan kasuwancin wasannin bidiyo da tarukansa

Jama'a, zance ya yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. An yi ittifaƙi cewa zamanin E3, babban taron baje kolin wasannin bidiyo na Amurka, ya wuce. An sanar da rufe shi a Disamba 2023, bayan manyan kamfanoni sun koma tallata wasanninsu da kansu ta intanet, kamar yadda Nintendo ke yi da shirinta na bidiyo, Nintendo Direct.

2. Wane taro ya fi? Mai neman jama'a su gwada wasansa, ya nufi Gamescom a Cologne ta Jamus a watan Agusta. Mai neman mawallafi (kamfanin da zai fitar masa da wasa kasuwa) ko abokan aiki, GDC (taron masu ƙirƙirar wasanni) ta San Francisco a Maris ta fi masa. Shawarar da aka fi nanatawa: ka tsara ganawarka tun kafin tafiya, kuma ka je da samfurin wasan da za a iya gwadawa, ba hotuna kawai ba.

3. Nan aka rabu gida biyu: biyan kuɗin wata-wata irin na Game Pass, tsarin Microsoft da ke ba mai biya damar yin wasanni da yawa ba tare da ya saye su ba. Wasu sun ce yana ceton ƙananan kamfanoni domin ana biyansu tun farko. Wasu suka ce yana saba wa mutane da ƙin sayen wasa. Ni dai hujjar ɓangare na biyu ta fi kama ni.

4. Sayen kamfanin wasanni na Activision Blizzard da Microsoft ta kammala a Oktoba 2023 bai hana korar ma'aikata ba, don haka kada a dogara da kamfani guda.

5. Kashi 30 cikin ɗari da Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, ke cira daga kuɗin cinikin wasa: a sa shi cikin lissafi tun farko.