Gyaran tsohon injin naɗe zaren fatsa: ya cancanci a mayar da shi bakin ruwa?

Mai tambaya, daga Yamai:

Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, na tarar da injin naɗe zaren fatsa a cikin akwatinsa na ƙarfe, baƙi, an rubuta Mitchell 300 a gefensa da kuma alamar cewa ƙirar Faransa ce. Da shi yake fita fatsa a kogin Kwara tun muna yara. Yanzu mariƙin ba ya juyawa sai da ƙarfi, bakan wayar da ke kamo zare idan an buɗe shi ba ya komawa da kansa, fentin kuma ya goge a wurin da yatsunsa suka saba dafawa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa gyara irin wannan da hannunsu: in gyara shi in ci gaba da aiki da shi, ko in goge shi in ajiye, in sayi sabo?

Wani mai gyaran keken ɗinki, daga Kano:

Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa Baba. Malam, irin wannan injin guda uku suka ratsa hannuna, kuma duka ukun ciwonsu ɗaya ne da wanda ka faɗa. Taurin mariƙi ba lalacewa ba ce. Tsohon giris ne ya bushe ya daskare a tsakanin haƙoran giya kamar kakin zuma. Na farkon da na buɗe, sai da na jiƙa kayan cikinsa a kananzir kwana guda, sannan na bi kowane haƙori da tsohon buroshin goge baki, kuma ruwan da ya fito baƙi ƙirin ne da ɗan yashi a ƙasansa. Da na shanya, na sa sabon giris kaɗan a giya da ɗigon man keke a sandar tsakiya, ya koma juyawa da ɗan yatsa ɗaya.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne wasu siraran washa na ƙarfe da ke ƙarƙashin giyoyin, waɗanda kaurinsu bai fi na takarda ba. Su ne ke daidaita tazarar da ke tsakanin haƙora, kuma suna manne wa tsohon giris har mutum ya zubar da su tare da ƙazantar bai sani ba. Haka ta faru da ni. Na harhaɗa injin yana gurnani, na shafe yini biyu ina neman dalili, sai daga baya na ga washa ɗaya a gindin kwanon kananzir. Tun daga ranar, farin ƙyalle nake shimfiɗawa, in jera kowane abu bisa yadda na ciro shi, in kuma ɗauki hoto da waya kafin in taɓa na gaba. Bakan da ba ya komawa kuwa, sifirin ɗinsa ne ya karye ko ya saki, kuma shi ne abin da ya fi mutuwa a wannan ƙirar.

Wani mazaunin Liyon, Faransa:

Ɗan'uwa, abin da ka gada ba ƙaramin abu ba ne a tarihin wannan sana'a. A garin Cluses da ke yankin Haute-Savoie aka ƙera shi, garin da ya yi suna da aikin agogo da ƙananan kayan ƙarfe, kuma kamfanin Carpano & Pons ya fara fitar da shi tun ƙarshen shekarun 1940. An ƙera miliyoyinsa, shi ya sa har gobe kayan gyaransa ba su yanke ba. A kasuwannin gwanjo da ake ci a nan ranakun Lahadi na sha ganinsa zube a cikin kwali tare da tsofaffin makullai, kuma ni da kaina na sayi biyu da suka mutu domin kawai in ciri sifirin da kwarkwaro in raya na uku. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, domin sayen mataccen inji sukutum ya kan fi sayen kayan ɗaya bayan ɗaya araha.

Sai dai akwai abubuwa biyu da na koya bayan na ɓata zare mai yawa. Kan injin, wato ɓangaren da ke naɗa zare a kwarkwaro, yana juyawa ne akasin yadda yawancin injunan zamani ke juyawa, saboda haka idan ka ɗora masa zare daga ƙunshi yadda ka saba, zaren zai murɗe ya riƙa ƙullewa a kowace jifa. Sai ka kifa ƙunshin ta ɗaya fuskar. Na biyu, zaren roba aka ƙera shi domin ya ɗauka. Na gwada masa saƙaƙƙen zaren nan na zamani mai siranta, ya riƙa nutsewa cikin kansa a kwarkwaro, yana fitowa a dunƙule idan na yi jifa da iska. Da na koma zaren roba, matsalar ta kau. Game da fenti kuma, roƙona shi ne kada ka sake shafa masa wani. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi daraja wanda yake da fentinsa na asali ko da ya goge, kai kuwa gogewar nan sawun hannun mahaifinka ce.

Wani tsohon ma'aikaci, daga Yawuri:

Ni ra'ayina ya ɗan bambanta, kuma ina fatan ba za a ɗauke shi a matsayin rage darajar kayan gado ba. Ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma ba kowace cuta take yi wa ba. Na yi shekaru da wani tsohon inji da na gyara da kaina, ina kama karfasa da matsakaiciyar tarwaɗa ba tare da wata damuwa ba, har ranar da giwan ruwa ya ɗauki ƙugiyata a tafkin Kainji. Da ya ja, birkin kwarkwaron, wanda aikinsa shi ne sakin zare a hankali idan kifi ya ja da ƙarfi, ya ƙi sakin zare, sannan ya saki gaba ɗaya, sannan ya sake cijewa, kuma a cijewa ta uku zaren ya tsinke. Ina ji ina gani kifin da ban taɓa riƙe irinsa ba ya tafi. Da na buɗe birkin a gida, na tarar washa ɗin sun ƙeƙashe. Laifina ne da ban canza su ba, amma ko da sababbi ne, faɗin birkin waɗannan tsofaffin ƙananan injuna bai kai na zamani ba.

Ban da wannan, juyi ɗaya na mariƙin Mitchell 300 ba ya juya kan injin sau huɗu cikakku, alhali na zamani da yawa suna haura sau biyar, don haka idan kifi ya nufo ka da gudu ba za ka iya tattare zaren da sauri ba. Mariƙin kuma yana ɗan komawa baya kafin ya tsaya. Shawarata ita ce ka gyara shi, ka fita da shi inda kifin bai fi ƙarfinsa ba, amma ranar da ka nufi babban ruwa ka ɗauki sabo.

Wani mazaunin Filadelfiya, Amurka:

Baba na Yawuri ya faɗi gaskiya, sai dai matsalar girman inji ce, ba tsufansa ba. A nan garin Otto Henze ya kafa kamfanin Penn a 1932, kuma nawa injin, tsoho amma babba, ƙirarsu ne, mai lamba 704, koren nan na da. Da shi nake jifa a gaɓar teku ta jihar New Jersey, inda igiyar ruwa ke watsa wa mutum gishiri da yashi. Kayan cikinsa kaɗan ne ƙwarai, ta yadda idan ya sha ruwan gishiri nakan buɗe shi da sukundireba ɗaya a daren, in wanke, in sake cika shi da giris cikin rabin sa'a. Wani sabon inji da na saya mai boris da yawa, shekara biyu ya yi tsatsa ta cinye boris ɗin, kuɗin gyaransa kuma ya kusa kai na sayensa. Na canza wa tsohon nawa washa na birki da irin na zamani, jansa ya zama sumul. Nauyi ne kawai aibinsa, domin bayan awa uku kafaɗa tana sanar da kai.

Wani abokina yana da Cardinal na kamfanin ABU da ke Svängsta a Suwidin, mai birki ta baya. Giyarsa lafiya lau take, amma kwarkwaron roba ne, ya tsage saboda matsin zaren da ya daɗe a naɗe a kansa, sai da ya nemo na alminiyam. Duk mai irin wannan ya duba kwarkwaron da kyau a cikin haske kafin ya ɗora sabon zare.

Mai tambaya, daga Yamai:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na bi shawarar Malam na Kano, na shimfiɗa ƙyalle na buɗe shi ranar Asabar, kuma na samu siraran washa ɗin manne a bayan babbar giya kamar yadda ya faɗa. Haƙoran duk lafiyarsu ƙalau, babu wanda ya gutsure. Mariƙin yanzu yana juyawa da sauƙi, ƙarar nan ta ƙas-ƙas da nake ji tun ina yaro a bayan Baba ita ma ta dawo. Sifirin ɗin ya karye gida biyu, don haka na yi magana da ɗan'uwanmu na Liyon, ya ce zai haɗo min da guda biyu da washa na birki ta hannun wani mai zuwa gida a ƙarshen wata. Fentin na bar shi yadda yake. Idan kayan sun iso, zan fara gwada shi da zaren roba a kan karfasa a ƙasan gadar Kennedy, wurin da Baba ya saba zama.