Dillali da Turanci: middleman ko go-between?

Ɗan Kubwa:
Salamu alaikum malamai. Wace kalma ce daidai da dillali ko mai shiga tsakani? Ina jin agent, middleman da go-between, na rasa wadda ke shiga ina.

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dubi aikin mutumin tukuna. Mai saro tumatir hannun manomi ya kawo Farin Gada a Jos ya ɗora ribarsa, shi ne middleman: "The middleman buys from farmers." Jam'insa middlemen. Mai nuna maka ɗakin haya a Lugbe ya karɓi la'ada, galibi kashi 10 cikin 100, agent ne, wanda muke cewa ejan.

Go-between kuwa ɗan aike ne tsakanin ɓangare biyu, kamar kawun da ke kai maganar aure gidan yarinya ya dawo da amsa. Ana cewa "He acted as a go-between for the two families." Kada a manta da "a" ɗin nan da ke zuwa kafin go-between, nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Ɗan layin tsakiya (-) ma dole ne a rubuce, in ba shi kalmar ta koma aikatau. Jam'i go-betweens, s ɗin a ƙarshe.

Hajiya Wuse:
Malam ya gama magana. Ƙari kaɗan: in rigima ce ake sasantawa, ta fili ko ta gado, mediator ake cewa.

Ɗan Kubwa:
Na gode. To, broker fa?

Malamin Turanci:
Dillalin hannun jari ko inshora ke nan. A takardar ofis ta fi shiga.