Ɗakunan haya a filin awon igiya: ina neman shawara

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na gaji ɗan fili a unguwar awon igiya, lungu ne da ko mota ba ta shiga. Ɗaki shida nake son yi na haya. Magini ya ce banɗaki ɗaya a bakin ƙofa ya isa. Me kuka gani?

Mai Awara: Wa'alaikumussalam Alhaji. Don Allah kar ka biye masa. Shekara huɗu na yi a irin gidan. Samari na zaune a dakali suna hira, mace sai ta matse har bayan isha'i, ko ta yi a fo ta ɓoye. Ka kai na mata can ciki, da sakata da fitila. Sannan ka bar mana tsakar gida. Nan muke suya, nan ake kitso da shanya, daga nan kuɗin cefane ke fitowa.

Injiniya: Gaskiya ta faɗa. A Mumbai ta Indiya akwai ƙungiyar Mahila Milan, ta matan da ke kwana a gefen titi, da aka kafa a 1986. Su suka tsara gidajen da suke so, har da zanen jikinsu suka riƙa awo. Alhaji, kira matan lungun su taka filin kafin a sa bulo.

Uwar Biyu: Madafa fa! Rumfa a waje inda iska za ta kwashe hayaƙi. Mu a bakin ɗaki muke hura gawayi, yara kullum cikin tari.

Injiniya: Da zafin kwano kuma. A birnin Ahmedabad na Indiya, ƙungiyar Mahila Housing Trust na taimaka wa mata shafa farin fenti a rufi don ya mayar da zafin rana. Ka haɗa da silin da taga biyu masu kallon juna.

Baban Yara: To ai sai ɗaki shida ya koma biyar.

Mai Awara: Biyar ɗin ma albarka, Alhaji. Ina ruwan wanki zai bi?

Injiniya: Wannan sai an haɗa kai da maƙwabta. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, tun 1980, lungu-lungu aka riƙa karo-karo ana binne bututun kwata.

Baban Yara: Na gode. Asabar zan je da Hajiya, sai mu biya wajen mai unguwa.