BSU, ƙungiyar 'yan Afirka ko MSA, wacce zan shiga?

Ummi: Salam 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka yi karatu a Amurka ku ba ni shawara, wannan semistar na fara a wata jami'a a Ohio, ranar baje kolin ƙungiyoyi na ga teburin Black Student Union (BSU), ƙungiyar ɗalibai baƙar fata, na ga na ɗaliban Afirka, ga kuma MSA ta Musulmi, kowa na miƙo min takarda in rubuta imel. Daga aji sai ɗaki nake, kaɗaici ya fara damuna wlh.

Anti Hadiza: Wa alaikis salam ƙanwata. Rubuta sunanki a duka ukun, ba a hanawa. Ta 'yan Afirka za ki fi saurin sakewa, a nan za ki ji wace ce ke kitso a ɗakinta da araha, wane shago ke sayar da manja da daddawa da garin tuwo, wa ke da mota da zai kai ku siyan naman halal. MSA kuma su ke da ɗakin salla da Juma'a da buɗa baki in azumi ya zo. Amma kar ki tsallake BSU, yawancin namu nan suke kuskure, su shekara huɗu ba su da ƙawa ko ɗaya cikin baƙaƙen Amurka.

Ummi: Anti gaskiya ita nake jin nauyi, gani nake kamar tasu ce su kaɗai.

Yaya Bashir: Ba tasu kaɗai ba ce. Mai gidan haya ko ɗan sanda in ya kalle ki ba ya tambayar Kano kika fito ko Chicago, kuma su sun fi mu sanin yadda ake zama da wannan. BSU ta farko a kwalejin San Francisco State aka kafa ta a 1966, su suka ja yajin ɗalibai na wata biyar daga ƙarshen 1968 har aka buɗe sashen nazarin baƙar fata, to wasu daga cikin ofisoshin da ke taimaka mana yau irin wannan gwagwarmayar ce ta haife su. Ki je miting ki zauna ki saurara tukuna. Kuma dan Allah kar ki shiga da maganar nan da wasu namu ke yi wai malalata ne, tana musu ciwo sosai kuma ba gaskiya ba ce.

Maryam Zinder: Ni abin da ya buɗe min ƙofa lalle ne. Daren al'adu na watan Fabrairu, watan tarihin baƙar fata, na roƙa a ba ni ɗan tebur a gefe na ajiye lalle da turaren wuta, layi ya miƙe har bakin ƙofa, kuma wadda aka zana wa lalle dole ta zauna hannu a miƙe sai ya bushe, hira kuwa sai ta ɓarke. Wata ta ba ni labarin kakanninta a Karolina, ni kuma na ba ta na Omar ibn Said, malamin Futa Toro ta yankin Senegal da aka bautar a can wanda ya rubuta tarihinsa da Larabci a 1831. Har yau muna zumunci. Ki karɓi wani aiki ko jera kujeru ne, mai aiki ake riƙe sunansa.

Malam Sabo: Duk na ji, amma a faɗa mata akwai fati da giya da cakuɗuwa. Sannan bizar ɗalibi gare ki, a 2025 an soke ta ɗalibai da yawa, ki yi nesa da zanga-zanga.

Anti Hadiza: Maganar biza gaskiya ce Malam. Fatin kuwa ba dole ba ne, miting da yamma ake yi a aji, akwai daren karatu tare kafin jarrabawa, ta je waɗannan ta koma ɗakinta kafin dare. Da hijabina na yi, ba wanda ya taɓa matsa min, cikinsu ma akwai Musulmai 'yan asalin nan.

Yaya Bashir: Ummi me kike karanta?

Ummi: Injiniyan lantarki Yaya.

Yaya Bashir: To NSBE, ƙungiyar injiniyoyi baƙar fata, tun 1975 take. Taronsu na shekara kamfanoni ke cika shi suna ɗaukar ɗalibai horon aiki, reshen makarantarku kan taimaka da kuɗin tafiya in kina zuwa miting. Manyan aji za su gyara miki CV su ba ki tsofaffin tambayoyi. Ita zan sa a gaba da ni ne.

Nafisa: Mu a Ingila ACS ake ce mata, ta haɗa 'yan Afirka da 'yan Karibiyan, watanmu na tarihin baƙar fata kuma Oktoba ne. Ki nemi shafinsu a Instagram, can suke saka ranaku.

Ummi: Na gode Allah ya bar zumunci. Na duba, NSBE na da zama ranar Laraba, BSU Alhamis. Anti Maryam lallen a ina kike samu, ban taho da shi ba.

Maryam Zinder: Shagon Indiyawa ko na Somaliyawa, ki sayi ja na gari ki kwaɓa da kanki, baƙin nan na roba yana ƙona fatar wasu.