Kuɗin da iyaye suka tara: na malamai ne ko na yara?

Mai shago, wani ƙauye wajen Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Ni aka ɗora wa riƙon kuɗin iyayen 'yan aji shida a firamaren garinmu, ba don na fi kowa ba, sai don ina da shago kuma na iya lissafi. An yanka wa kowane yaro naira 500. Yara 64 ne, amma na 47 kawai suka shigo, wato 23,500. Yanzu kai ya rabu. Wasu sun ce a yanko wa malaman ajin shadda a haɗa da turare tunda yaran fita za su yi, wasu sun ce ina amfanin shadda yara na zaune a turɓaya. Kuɗin na nan cikin gwangwani a ƙarƙashin kanta, kullum na gan su sai gabana ya faɗi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni labari.

Uwar yara huɗu, ƙasar Gaya:
Wa'alaikumus salam. Malam, mu mun sha wannan bara waccan. Aka kwashe fiye da rabin kuɗin aka saya wa hedimasta shadda yadi goma, shi kuwa malamin da ya shekara yana fama da yaran nan, har gida yake bin wanda ya yi fashi, sai aka miƙa masa sabulu sinƙi ɗaya a baƙar leda. A gabanmu ya karɓa ya yi godiya, amma wallahi ni kunya ta hana ni ɗaga kai. Da shekara ta zagayo aka sake cewa a kawo kuɗi, mata da yawa suka ce ba su da shi, alhali ranar kasuwa na gan su da awaki.

Malami mai ritaya, Kazaure:
Shekara 35 na yi ina riƙe da alli, bari in faɗa muku ta ɓangarenmu. Yadin da aka ba ni duk na manta launinsu. Abin da ban manta ba shi ne wata tsohuwa da ta aiko jikanta da ƙwan zabi bakwai a ƙwarya, an rufe da faifai, da wani manomi da ya sauke mini damin gero a ƙofar gida da kaka bai ko tsaya mun gaisa ba. Wannan ita ce kyauta, don ba a yanka wa kowa ba. Abin da ke ci mana rai kuwa shi ne ka shiga aji ba alli, allon bango ya koɗe har sai kun fasa tsohon batir kun shafa baƙinsa kafin na baya ya ga rubutu. In kuka sayi alli da fenti da tabarmi, ni a wurina malamin kuka yi wa.

Malamin sa-kai, wajen Wudil:
Baba, da girmanka, amma kai mai albashi ne. Mu fa? Ina da takardar shaidar malanta ta NCE, shekara uku ina koyar da lissafi ba na cikin takardar biyan kowa. Abin da iyaye suka haɗa shi ne nawa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, zuwa da dawowa a babur ya gagare ni, wata rana da ƙafa nake yanke gonaki. To in aka ce duka na yara ne, ranar Juma'a gwara in tafi kasuwar Wudil in yi dako. A daina kiran namu kyauta, haƙƙi ne.

Malami mai ritaya:
Ka yi gaskiya ɗana, ban tuna da irinku ba. Naku daban ne, a fara cire shi kafin a yi maganar shadda.

Dattijo a kwamitin makaranta, ƙasar Gumel:
Ai ba yau aka fara ba. Kuɗin Laraba da muke kai wa malamin allo, wa ya taɓa kiransu kyauta? Da su yake cefane. Sai dai ina jan kunnenka, mai shago, kan gidaje 17 ɗin nan da ba su kawo ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, saboda haka wannan taimako ne, ba haraji ba. Mu an taɓa kiran sunayen waɗanda ba su biya ba a gaban layi, wata yarinya marainiya ba ta sake dawowa ba, sai ganin ta muka yi da farantin talla. Har yau abin na damuna, don ni na ba da takardar sunayen.

Uwar yara huɗu:
Kuma don Allah a karanta lissafin a bainar jama'a, mata ma su ji. Mu ne ke sayar da ƙuli-ƙuli mu biya.

Mai shago:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya bayan la'asar muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Akwai malama ɗaya ta sa-kai, an ware mata 8,000. An sayi tabarmi huɗu da kwalin alli da randa da moɗa, ragowar 3,000 na motar yaran da za su je jarrabawar shiga sakandare. Masu son shadda ba su ji daɗi ba, ɗaya ma ya tashi kafin a shafa fatiha. Amma da safen nan na ga ɗansa ya wuce ta gaban shago rungume da zakara, ya ce aiken babansa ne gidan malamin ajinsu.